Mai Wanke Ƙarafan Bakin Teku

Ba Ilham ce ta jefa tsakuwar ba, amma ita ta fara ganin jinin.

Wata Asabar ce da la'asar, a bakin tekun Jidda, a filin da aka jera manyan sassaƙe-sassaƙe na ƙarfe da dutse, mutane na yawo a tsakaninsu suna ɗaukar hoto. Ilham ta ɗauko baƙinta ne daga Makka a motarta: ƙawarta Kausar, wadda ta zo umra daga Sakkwato, da kakar Kausar, Iya Ramlatu. Zumuncin gidajen biyu ya girmi 'yan matan, kuma a gidan su Ilham baƙo ba ya komawa ƙasarsu sai an kai shi ya ga teku.

Iya Ramlatu ta tsaya a gaban wani dogon ƙarfe baƙi da aka murɗa, mai ƙatuwar ƙofa a tsakiya. Ta daɗe tana kallonsa, baki a taɓe.

"Ke 'yar nan, wannan kuma fa?"

"Ado ne kawai, Iya," in ji Ilham. "Sassaƙa ce."

"A ƙasar Annabi?"

Kafin wani ya ankara, tsohuwa ta sunkuya ta ɗauki tsakuwa daga gindin furanni. Ta gyara tsayuwa kamar yadda ta yi a Mina shekarar da ta sauke farali, ta yi kabbara, ta saki. Tsakuwar ba ta taɓa ƙarfen ba. Ta cikin ƙofar ta wuce, sai aka ji wani ya ce "wash" a can baya.

Wani saurayi ya zagayo, dogo, sanye da koren kayan aiki. Bokiti a hannu ɗaya, ɗaya hannun dafe da goshi, jini na bin tsakanin yatsunsa.

Ilham ta rikice ta shiga ba shi haƙuri da Larabci, don shi ne harshen da ke fara zuwa mata idan ta tsorata. Ya dube ta, ya dubi tsohuwar, sannan ya yi murmushi.

"Iya, hannunki bai tsufa ba," ya ce da Hausa. "Amma shaiɗan yana can Mina. Ni Sada ne sunana, mutumin Tasawa."

Kausar ta toshe baki da mayafi. Iya Ramlatu ta shiga salati.

Mai gadin filin ya taho da sauri yana tambayar wanda ya yi jifa. Ilham ta tsorata, don ta san tsohuwa mai bizar umra ba ta da abin da za ta yi da ofishin hukuma. Sada ya ajiye bokitinsa ya tare shi.

"Ƙarfenku ba a taɓa shi ba, je ka duba," ya ce da Larabcinsa na wurin aiki. "Goshina aka samu. Goshin nawa ne, kuma na yafe."

Mai gadin ya zagaya ƙarfen, ya dawo ya ɗaga kafaɗa, ya tafi. Ilham ta lura da abu ɗaya da ya zauna mata a rai: mutumin nan ya fitar da su, kuma ko kalma ɗaya ta ƙarya bai yi ba.

Ta ɗauko filasta daga mota. Iya Ramlatu ta rantse sai ya zauna a dardumarsu ya sha shayi ya ci sambusa. Nan suka ji aikinsa. Iskar teku ɗauke take da gishiri, gishiri kuma cin ƙarfe yake, don haka kamfaninsu ke sa su wanke sassaƙen da ruwan daɗi, su goge, su shafa kakin da ke hana tsatsa. Da ya tashi aiki ya zagaya da su. Ya nuna musu wani farin dutse da aka fafe kamar jirgin ruwa, da wasu zobba na tagulla da rana ke faɗuwa ta cikinsu, teku na bugun duwatsu a bayansu. Har Iya ta yarda aka ɗauke ta hoto, amma ta juya wa ƙarfen baya.

"Ku karɓi lambarsa," ta ce da za su tafi. "A riƙa tambayar ciwon nan. Ba zan koma Sakkwato da haƙƙin ɗan mutane ba."

Baƙi suka koma gida. Tambayar ciwo ta zama aikin Ilham.

"Salam. Iya ta ce a tambayi goshi."

"Goshi yana gaida Iya. Ita 'yar aiken fa, ba ta da tambayar kanta?"

"Ba ta da."

"To, ni ina da. Duk 'yan Makka haka suke ba da haƙuri da Larabci su yi faɗa da Hausa?"

"Yaushe na yi faɗa?"

"Ga shi kin fara."

Ciwo ya warke, saƙo bai tsaya ba. Ta sa masa suna Abu Tsakuwa, wato uban tsakuwa, shi kuma yana ce mata 'Yar Makka. Tana yi wa Hausarsa dariya idan ya ce "hwaɗa mini", shi yana yi mata idan kalma ta ɓace mata ta cike gurbin da Larabci. Duk Juma'a yakan zo Makka ya yi salla a Harami, ya wuce unguwar Hindawiyya wurin kawunsa Mukhtaru mai ɗinki. Ilham ba ta ɓoye wa mahaifiyarta Batulu komai ba. Batulu ta saurara, ta ce, "Idan da gaske yake, ƙofar babanki a buɗe take."

Wata safiya ya turo mata hoton rana tana fitowa a kan ruwa, da rubutu a ƙasa.

"'Yar Makka, na gaji da gaishe ki ta waya kamar mai bin layin asibiti. Na faɗa wa Kawu. Ina son in zo in gaida Baba."

Ta karanta, ta kife wayar a ƙirji, ta sake ɗagawa ta karanta.

"Ka zo, ya galbi, zuciyata. Amma ka ji. Idan ya tambaye ka aiki, ka ce kamfanin kula da lambuna. Ai kamfaninku na yin lambu. Gaskiya ne."

"Rabin gaskiya ne."

"Rabin ya isa ranar farko. Ba ka san Baba ba."

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin amsa.

Malam Abdulwasi'u, mahaifin Ilham, a unguwar Misfala ta Makka aka haife shi, a nan ya tsufa yana sayar wa alhazai tsaraba. Kakansa da ƙafa ya iso ta Sudan, kuma wannan labarin ya fi masa duk abin da ke cikin shagonsa daraja. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma mutum ne da idan abu ya shige masa duhu ba ya barci sai ya juya shi ta kowane gefe.

Ranar da Sada da kawunsa suka zo, sun tarar da Fahad a falon baƙi. Fahad ɗan aminin Malam ne, yana da takardar ɗan ƙasa da shagunan turare, kuma ya daɗe yana aiko wa Ilham magana tana mayarwa cikin ladabi. Ba a san wanda ya faɗa masa ranar ba.

Ilham ta miƙa tiren shayi ta bakin ƙofa, ta tsaya a bayan labule.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen Tasawa da damina. Sannan Malam ya ce, "To, ɗana, wane aiki kake yi?"

"Kamfaninmu na kula da lambuna ne, Baba," in ji Sada.

Ilham ta saki numfashi.

"Amma ni ba a lambu nake ba. Sassaƙen da ke bakin tekun Jidda, na ƙarfe da na dutse, ni nake wanke su."

Kawu Mukhtaru ya shiga gyaran hularsa.

"Wato gumaka, ya ammi," Fahad ya ce wa Malam a hankali, kamar mai taimakawa da fassara.

"Ba gumaka ba ne," Sada ya ce. "Babu mai fuska a cikin waɗanda nake wankewa, babu kuma mai bauta musu."

Malam Abdulwasi'u ya ajiye kofinsa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Na gode da ka faɗa mini. Amma ka san garin da kake zaune a cikinsa yanzu. Garin da aka karya gumaka ne. Kakana bai tako daga Hausa da ƙafa ba don jikokina su ci tuwon da aka samo da wanke dutse tsayayye. Malam Mukhtaru, ka yi haƙuri. Ku sha shayinku."

Ilham ba ta jira sun fita ba. Ta shige ɗaki ta rubuta wa Sada.

"Kalma ɗaya na roƙe ka."

"Na sani. Ki yafe mini."

"Ka riga ka faɗi daidai, ya karɓa. Wa ya aike ka ƙari?"

"'Yarsa na zo nema, Ilham. Ba zan shiga gidansa ta taga ba."

"To ga shi an rufe ƙofar ma."

Bayan 'yan kwanaki Fahad ya dawo da shawara. Ya ce shi ba ya son a ce ya tsaya wa kowa a hanya. A mayar da iƙamar Sada, wato takardar zamansa, ƙarƙashin shagonsa na turare, ya bar wankin ƙarfe ya kama aiki mai tsabta. Malam ya yaba masa ƙwarai, ya ce idan yaron ya bar wancan aikin zai sake duba maganar.

Ilham ta kira Sada da murna a muryarta. Ya saurare ta har ta gama.

"Ki gode wa Fahad," ya ce. "Ba zan karɓa ba."

"Ban ji ba."

"Kin ji, 'Yar Makka."

"Kada ka kira ni da wannan sunan yanzu. An buɗe maka hanya, ka ce ba ka bi? Saboda me? Saboda ƙarfe?"

"Ba saboda ƙarfe ba ne. Bari in..."

"Halas, shi ke nan. Ka zauna da su. Su dafa maka abinci."

Ta kashe wayar. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuto, ba ta buɗe ba.

Makonni suka wuce a haka. Tana zuwa aikinta a otal ɗin alhazai inda take karɓar baƙi, tana yi wa mutane murmushi, ta dawo ta kwanta da abayarta. Fahad ya aiko da kwalin turare, ta ba mai aikin maƙwabta.

Wata rana suna tsinke ganyen mulukiya, wato lalo, a kicin, Batulu ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ke dai a garin nan aka haife ki, amma wani lokaci kamar jiya kika sauka daga jirgi."

"Me na yi, Umma?"

"Namijin da ke neman aurenki ya ce zai riƙe takardar zaman wanda kike so. Shi zai ce ya zo, shi zai ce ya tafi, shi zai sabunta ko ya ƙi. Ke kuma kina ta murna."

Hannun Ilham ya tsaya a kan ganyen.

"Ban ce Fahad mugu ba ne," in ji Batulu. "Wataƙila shi kansa bai san abin da zai yi ba sai ranar ta zo. Amma ni da nake mace ba zan sa wuyana a nan ba."

Ilham ta wanke hannu, ta je ta buɗe saƙon da ya daɗe yana jiranta. Dogo ne.

"Ilham, ba ki bari na gama ba. Na tambayi malamai kafin in kama aikin nan. Wani ya ce in nisance shi, wani ya ce babu laifi tunda babu siffar mai rai kuma ba wurin bauta ba ne. Na zauna na auna da kaina, zuciyata ta natsu, na kama. Da shi nake ciyar da mahaifiyata, da shi na kawo ta umra. Idan na ajiye shi yau don a ba ni ke, na amsa cewa haram na ciyar da ita, alhali ban yarda da haka ba. Idan wani ya gamsar da ni, wallahi gobe zan ajiye bokitin ko da babu aure. Amma ba zan sayar da abin da na yarda da shi ba, ko da ke ce kuɗin. Idan na yi, wanda za ki aura ba ni ba ne. Ina sonki. Wannan ma gaskiya ce cikakkiya."

Abin da ya ba ta haushi a kansa shi ne dai abin da ya sa ta so shi tun ranar farko, kuma ba ta san yadda za ta raba biyun ba. Ta rubuta masa layi ɗaya.

"Abu Tsakuwa, kada ka bar aikinka. Saura nawa aikin."

Washegari da hantsi ta kai wa babanta karin kumallo shago, ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi. Titin Misfala cike yake da alhazai masu dawowa daga Harami. Ta tarar da shi a tsaye da tsumma a hannu yana goge kaya kamar kullum: carbi, dardumai, kwalaben zamzam na ado. Sai ya kai kan shiryayyen da ke bakin ƙofa, inda aka jera raƙuman roba na yara, masu manyan idanu da gashin ido, waɗanda idan aka murɗa su suke tafiya suna kaɗa kai. Ya ɗauki ɗaya, ya goge masa fuska da kyau, ya mayar, ya ɗauki na gaba.

Tun tana yarinya take ganin wannan. Ba ta taɓa kallonsa ba sai yau.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yi, ya binti."

"Wannan da ke hannunka yana da ido. Yana da baki, yana da ƙafafu. Kullum kana share masa ƙura, kuma da shi ka biya mini makaranta. Na Sada ko fuska ba su da ita."

Tsumman ya tsaya. Wani mai saye da ya sa ƙafa a ƙofa ya dubi fuskar Malam, ya juya.

"Ni kike kamawa da laifi?"

"A'a, Baba. Ban ce haram ka ciyar da ni ba, ban yarda da haka ba. Na yara ne, babu mai bauta musu, na sani. Abin da nake tambaya, me ya sa wannan uzurin ya ishe ka, bai ishe shi ba? Ko zuwa ba ka taɓa yi ka ga wurin ba."

"Ilham."

"Bari in ƙarasa, don ba zan iya sake faɗa ba." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ba zan yi aure ba sai da yardarka. Ba zan gudu ba, ba zan kai ka ƙara gaban kowa ba. Amma Fahad, ko ka yarda, ni ban yarda ba. Idan zama ne zan zauna a gidanka har in yi furfura, in riƙa kawo maka ful."

Malam ya shiga ciki ya fito da kwali. A gabanta ya kwashe raƙuman nan ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan tsanar da ke ƙasansu, ya rufe, ya liƙe, ya tura ƙarƙashin tebur.

"Na gode da tunatarwa," ya ce. "Ki ɗauki abincinki ki tafi."

Ba haka ta so ba. Ta zo ne ta buɗe ƙofa ɗaya, sai ga shi ta sa an rufe biyu.

Gidan ya yi nauyi. Malam ya daina cin abinci tare da su. Yana amsa gaisuwarta, amma ba ya kallonta. Batulu ta ce, "Kin taɓa shi inda ba a taɓa shi. Yanzu sai ki jira." Ilham ta jira. Ba ta janye ko kalma ba, kuma ba ta fasa kai ful shago ba. Kullum ta ajiye, kullum a dawo da kwanon yadda yake.

"Ina tsoron na ɓata komai," ta rubuta wa Sada.

"Ba ki yi masa rashin kunya ba?"

"Ban ɗaga murya ba. Amma na faɗa."

"To ki ci gaba da kai abincin. Ni ina nan, gishiri bai cinye ni ba."

Wata safiya tana shirin fita sai ta gan shi tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, sanye da farar jallabiya ta Juma'a alhali ranar Talata ce.

"Motarki akwai mai?"

"Akwai, Baba."

"Kira wurin aikinki ki ce ba ki zuwa. Jidda za mu."

Sun bar duwatsun Makka a baya kafin ya yi magana, idonsa na kan hanya.

"Jiya wata tsohuwa daga Zariya ta zo. Ta ce jikanta ya ce kada ta dawo sai da raƙumi mai tafiya. Ta ce shekarun baya a wurina ta saya wa yayansa. Na ce babu. Ta tsaya tana kallona, kwalin kuma yana taɓa ƙafata a ƙarƙashin tebur." Ya girgiza kai. "Na hana yaro abin wasa, kuma na yi wa tsohuwa ƙarya. Duk don kada 'yata ta fi ni gaskiya. Ban san wanne ya fi muni ba."

Ilham ta riƙe sitiyari da kyau.

Filin babu mutane sosai da safe. Wasu mata na tafiyar motsa jiki, wani iyali na karyawa a inuwar farin dutsen nan mai kama da jirgi. Malam ya bi sassaƙen ɗaya bayan ɗaya. Yakan zagaya kowanne, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, kamar mai neman inda aka ɓoye fuskar. A gindin zobban tagulla suka sami Sada a kan tsani yana goge-goge. Da ya gan su ya sauko da sauri, ya durƙusa.

"Tashi," in ji Malam. Ya nuna zobban da sanda. "Wannan mene ne?"

"An ce wanda ya yi shi iska yake nufi, Baba. Ni dai abin da na sani, gefen da ke kallon teku ya fi saurin tsatsa."

"Idan ka zo wata safiya ka tarar da mutum ya yi masa sujada fa?"

"Zan taɓa kafaɗarsa in ce ya tashi, alƙibla ga ta can. Idan kamfani ya ce aikina ne in ƙyale shi, ranar zan ajiye bokitin."

"Kuma da na ce ka ajiye ka ƙi."

"Ba ka gamsar da ni ba ne, Baba. Umarni ka ba ni. Ka gafarce ni."

Ilham ta runtse ido. Ta ce a ranta, wannan mutumin ba zai taɓa koyo ba.

Malam ya dube shi.

"Ranar da ka zo gidana, ka fara da lambu. Na san an shirya maka ka tsaya a nan." Bai dubi Ilham ba, amma ta ji kunnuwanta sun yi zafi. "Da ka tsaya, da yanzu an sa rana. Ka san haka?"

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Da ka ji daga baya, a bakin wani. Ranar ba za ka ƙara yarda da ni a kan komai ba, ga 'yarka kuma a ɗakina."

Teku na ta bugun duwatsu. Malam ya juya ya fuskanci ruwan, hannayensa biyu a kan sanda.

"Ka ji, ɗana. Ban gamsu ba. Zuciyata ba ta son ƙarafan nan, kuma ina jin ba za ta so su ba har in mutu. Kwalin da ke shagona ma ban san ko in buɗe ko in ƙone ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma zan ci gaba da tambaya. Amma ba zan ɗora maka hukuncin da ni kaina ban gama yanke wa kaina ba." Ya juyo. "Mutumin da ya ƙi yi mini ƙarya a ranar da ƙarya za ta ba shi mata, ban san inda zan samo wa Ilham irinsa ba. Ka ce wa Mukhtaru ya dawo. Wannan karon ya shanye shayinsa."

Ilham ta kama hannun babanta ta sumbata, hawaye na zuba a kan yatsunsa. Ya bar mata hannun.

"Ya isa," ya ce. "Yunwa nake ji. Yau zan ci abincinki."

An ɗaura auren bayan sallar layya, da aka sami sauƙin cunkoson alhazai. Aka kama wurin biki a bayan gari, aka dafa shinkafa da rago irin na Makka, matan Hindawiyya suka kawo fura da tuwo don kada mutanen Tasawa su ce an manta da su. Kausar ta sake tahowa daga Sakkwato, ita ta riƙe wa amarya mayafi. Fahad bai zo ba, amma ya aiko da turaren wuta, Batulu ta karɓa ta sa masa albarka. Ango ya kama gida a Bahra, tsakanin Makka da Jidda, don kowa ya kai wurin aikinsa.

Da za a tafi da amarya, Malam Abdulwasi'u ya sa aka kira su biyun. Ya kama hannun Ilham ya ɗora a na Sada.

"Ga ta nan. Mai gardama ce, kuma ba daga uwarta ta gado ba. Idan ta faɗa maka gaskiya za ka ji zafi, na ɗanɗana. Ka saurara duk da haka." Ya dubi 'yarsa. "Ke kuma kin samu wanda ba ya lanƙwasuwa. Kada ki nemi ki lanƙwasa shi."

"To, Baba," suka ce tare.

"Maganar ƙarafan nan kuwa ba mu gama ba. Duk Juma'a ka zo mu ci gaba."

"Zan zo, Baba. Amma ba na alkawarin za ka ci nasara."

Dattijon ya yi dariya, karo na farko a gaban surukinsa. Sannan ya ɗaga hannu, duk wanda ke wurin ya ɗaga.

"Allah Ya sa albarka a tsakaninku. Ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya, Ya ba ku haƙurin zama da su. Ya sa gidanku ya zama masaukin baƙi, kada ƙarya ta taɓa kwana a cikinsa."

Aka shafa. Ilham ta dubi mijinta ta ƙasan mayafi, ta matse hannunsa, shi ma ya matse nata.